Daga Zaure Zuwa Ɗakin Inji: Tarihin Isar da Saƙo a Ƙasar Kura da Bunkure

Mutumin da ya mallaki gida a gefen garin Kura, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakanin Bunkure da Garun Malam, ya kuma gina ɗakin injin casar shinkafa, ko ɗakin kaji, ko sito, can a ƙarshen filinsa, tazarar mita 200 ko 300 daga inda yake kwana, idan Allah ya hore masa ya sa intanet a gida, ba ya daɗewa sai ya tarar da wata mas'ala wadda mai sayar masa da na'ura bai ambata ba, watau abin da ya saya iyakarsa bakin katanga, alhali kuwa wurin da ya fi bukatarsa, inda ake awo da ciniki da karɓar kuɗi, yana can nesa. Samari masu haɗa waya suna ɗaukar wannan damuwa sabuwa ce da zamani ya haifa. Amma wanda ya bi tarihin yankin da natsuwa zai ga cewa daɗaɗɗiya ce, domin kusan kowace hanyar sadarwa da ta taɓa zuwa ƙasar nan, tun daga jakadan hakimi har zuwa tauraron ɗan'adam, a ƙofa take tsayawa, ragowar tafiyar kuwa, wadda ita ce gajera a awo amma mafi wuya a aiki, maigida da iyalinsa ake bar wa.

Gidan Bahaushe shi kansa an tsara shi ne domin tace abin da ke shiga. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Amini ko ɗan'uwa na jiki ya wuce zuwa shigifa. Cikin gida kuwa, inda matan aure suke, ba ya halatta ga wanda ba muharrami ba sai da lalura da izini. A gidajen manoman ƙasar Kano, inda uba da 'ya'yansa masu aure kan zauna cikin gandu ɗaya, kowa da sashensa, ga rumbuna a gefe, ga turken dabbobi, ga garka a bayan danga, ga gona can da nisa, abin da ya haɗa waɗannan wurare duka shi ne yaro. Yaron da bai balaga ba, namiji ko mace, al'ada ta buɗe masa kowace ƙofa: shi ke ɗaukar sallamar baƙo daga zaure zuwa turaka, shi ke kai wa masu noma fura da hantsi, shi ke fita da tallan uwarsa ya komo mata da kuɗi da labarin yadda kasuwa ta ci. Macen da ke cikin kulle tana iya gudanar da sana'a mai riba shekara da shekaru ba ta taka ƙofar gida ba, matuƙar dai tana da ɗan aike mai hankali da amana.

Kura kuwa ta san wannan tsari fiye da yawancin garuruwa, domin a ƙarni na 19 tana cikin manyan garuruwan rini na masarautar Kano, kuma turkuɗi da rawunan da aka rina, aka buga a can har suka yi ƙyalli, fatake da Buzaye suna ɗaukarsu zuwa Agadas da ƙasar Azbin da abin da ke gaba, har sunan garin ya zama sunan hajar. To, mai dukiyar yana zaune a zaurensa, karofi yana wani wuri saboda wari da bukatar ruwa, mabuga kuma tana nata wurin. Wasiƙar da ta yi wata ko fiye a hanya daga bakin hamada, rubutacciya da Larabci ko ajami, a zaure ake buɗe ta, a kira malami ya karanta, sa'an nan abin da ta ƙunsa, na yawan turmi ko irin bugun da ake so, ya kama hanya da ƙafa zuwa wurin marina. Umurnin sarauta ma haka yake tafiya, gama hakimai a wancan zamani a birni suke zaune, jakadunsu ne ke kai da kawowa tsakaninsu da dagatai.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun shimfiɗa wayar tangaraho tsakanin barikokinsu, kuma da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta bi ta yamma da Kura wajen ƙasar Madobi, waya ta bi gefenta a kan turaku. Talaka yana ganinta ta wuce ta saman gonarsa, amma ba a yi ta dominsa ba. Hakimai aka fitar da su zuwa gundumominsu, saƙo ya riƙa saukowa daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, daga nan sai mai shela. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ma a zaure ko gindin itace ake karanta wa jama'a ita. Akwatin rediyo mai waya da aka kawo birnin Kano a 1944, wanda ake ja wa waya har ɗaki ana biyan kuɗin wata, bai fita karkara ba. Abu ɗaya ne kaɗai ya karya wannan ƙa'ida, shi ne ƙaramin rediyo mai batir, wanda ya shiga cikin gida ba tare da sallama ba, ya kuma tafi gona a rataye a kafaɗa, bayan da sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Sai dai rediyo faɗa yake yi, ba ya jin amsa. Wayar tarho, wadda ke jin amsa, ta zauna a ofisoshin gwamnati da gidajen manya tun zamanin ma'aikatar gidan waya har zamanin NITEL da aka kafa a 1985, kuma har shekara ta 2000 layukan da ke Najeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100.

Abin da ya sauya fuskar ƙasar Kura da Bunkure ba waya ba ne, ruwa ne. A zamanin Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ƙudura aniyar tare Kogin Kano domin noman rani, aka soma da gonar gwaji a Kadawa wadda aka shayar daga madatsar Bagauda, sa'an nan aka gina babbar madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana aikin, kashi na farko aka yi niyyar ya kai hekta 22,000, kuma bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 sai ragamarsa ta koma hannun gwamnatin tarayya. Hikimar aikin ita ce ba inji ke tura ruwan ba, gangara ce ke kai shi: ya fito daga Tiga cikin babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da reshen yamma, daga rassan ya shiga ƙananan magudanai, har ya zo gefen gona inda manomi zai zuƙo shi da lanƙwasassun bututai ya kwarara cikin fangulansa. Mutanen da kakanninsu suka san ban-ruwa da jigo a bakin fadama kawai, sai ga su suna noman alkama da tumatir da albasa da masara a tudu cikin tsakiyar rani, daga baya kuma shinkafa ta zo ta mamaye.

Wannan aiki ya bar abubuwa guda biyu da suka shafi zancenmu. Na farko, domin ruwa ya bi gangara daidai, sai da aka baje ƙasa da manyan injuna, aka tumɓuke itatuwa masu yawa, ciki har da ɗorawa da kuka da sauran masu amfani da mutane suka gada, aka sake yanka gonaki bisa layin magudanai, ya zama mazauni yana gari ko ƙauye, gona kuma tana cikin fili fetal inda ido ke gani har nesa. Gine-ginen da arzikin noman ya haifa, kamar ɗakunan casa da turara shinkafa, da sito na shanshera, da rumfunan awon tumatir irin na Kwanar Gafan, da ɗakunan kaji, sun tashi ne a bakin titi da gefen gari, nesa da ɗakin kwana, saboda ƙara da ƙura da hayaƙi da shigar manyan motoci.

Na biyu kuwa darasi ne wanda kowane manomin yankin ya haddace ba tare da allo ba, cewa hukuma tana kawo ruwa ne zuwa ƙofar magudana, daga nan yasa da gyara da rabo aikin manoma ne, kuma duk abin da ya yoye, ko laka da ciyawa suka tare a hanya, wanda gonarsa ke ƙarshen layi shi ke biyan asararsa. Da magudanai suka lalace cikin shekaru, na ƙarshen layi ne suka fara sayen ƙananan injunan ban-ruwa suna haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma gyaran da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya dogara ƙwarai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙe ƙananan magudanan da kansu. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci rabin sha'anin intanet, domin kamfani yana kawo shi ne zuwa na'ura ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗakin inji kuma shi ne gonar ƙarshen layi.

Wayar salula ta zo bayan gwanjon lasisi na watan Janairun 2001, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, ana biyan naira 50 a minti ɗaya, har Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Ƙarafan sabis sun fara bin babban titin Kano zuwa Zariya, saboda haka Kura da Karfi da Ciromawa suka riga ƙauyukan ciki samu, kuma an yi shekaru mutumin ƙauye ya san ainihin tudun da zai hau, ko kusurwar da zai tsaya, kafin murya ta fita. Duk da haka ribar ta bayyana nan da nan, musamman ga masu tumatir, hajar da ba ta jiran gobe, domin dillali yana iya jin farashin kasuwar Mile 12 ta Legas kafin a gama loda mota. Intanet ya biyo baya a hankali, daga shagunan da ke kama shi da faranti a birni, zuwa wayoyin ƙarƙashin teku irin su Main One da Glo-1 da suka sauka Legas suka fara aiki a 2010, zuwa sabis na 4G da ya yaɗu daga 2016, har Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. A farkon shekarar 2023 ɗin ne kuma canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar samu, ciniki ya koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS, sai mai injin casa ya ga cewa idan babu sabis a ɗakin inji, buhu ba ya fita, kuɗi ba ya shiga.

To, ta yaya za a kai intanet can? Abin da kowa ke fara gwadawa shi ne ƙaramar na'urar da ke kama waifai ta maimaita shi gaba, domin ita ce mai araha, kuma a ganina ita ce mafi yawan ɓata kuɗi. Rauta, watau na'urar da ke rarraba intanet a gida, tana watsa saƙo ne a zango biyu, 2.4 da 5 na ma'aunin gigahaz. Na farko ya fi ratsa bango amma ya fi jinkiri, na biyu ya fi sauri amma ba ya nisa. Katangar ƙasa mai kauri, balle idan damina ta jiƙa ta, tana shanye yawancinsa, rufin kwano kuma yana mayar da shi baya, na'urar maimaitawar kuwa, da yake da baki ɗaya take ji take faɗa, tana rage sauri da kusan rabi, kuma abin da ya iso mata da rauni, da rauninsa take miƙa shi.

Hanya ta biyu ita ce jan kebul na jan-ƙarfe, irin wanda ake haɗa kwamfutoci da shi. Wannan yana da haddi sananne na mita 100, wanda ba a ƙetare shi sai an sa wata na'ura a tsakiya, ita kuma tana son wuta da inuwa. Idan an binne shi ba cikin bututun roba ba, ɓera da gafiya da danshi suna jiransa, garma da tarakta ma haka. Idan an rataye shi a sama, rana tana cin bawonsa. Amma babban aibinsa shi ne tsawa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, idan aradu ta faɗi ko da ba a kan ginin ba, ƙarfin wutar da ke shiga ƙasa yana bambanta tsakanin gini da gini, sai kebul ɗin ya zama shi ne hanyar da wutar za ta bi, ta ƙone na'urorin da ke kowane ƙarshe. A fili buɗaɗɗe mai jiƙaƙƙiyar ƙasa irin na wannan yanki, ba abin da za a raina ba ne. Na'urorin da ke aika intanet ta cikin wayar lantarkin gida kuwa ba su da amfani a nan sai nadiran, domin gida yana kan sola ko wutar gari, ɗakin inji yana kan janareta, babu wayar da ta haɗa su.

Zaren fayiba, wanda gilashi ne siriri da haske ke bi ta cikinsa, ya kuɓuta daga waɗannan illoli biyu, gama ba ya ɗaukar wutar tsawa, kuma da ƙananan akwatunan juyawa guda biyu masu sauƙin kuɗi, ɗaya a kowane ƙarshe, yana iya tafiyar kilomita 10 ko 20 ba tare da ya raunana ba. Inda fili na mutum ɗaya ne tun daga gida har ɗakin inji, ni shi nake fifitawa, da sharaɗin a binne shi cikin bututu ƙasa da inda bakin garma ke kaiwa, a kuma sa alama a kan layinsa. Wahalarsa ita ce idan ya tsinke ba a ƙulla shi da hannu, sai an nemo mai injin haɗi, galibi daga birni.

Hanya ta huɗu, wadda yanayin ƙasar ya fi yi wa gata, ita ce eriya biyu masu kallon juna, irin na Ubiquiti ko TP-Link ko MikroTik, ɗaya a saman gida ɗaya a saman ɗakin inji, saƙo yana tsallakawa tsakaninsu ta iska. A nan ne asarar itatuwan da aka tumɓuke a shekarun 1970 ta zama sauƙi ga jikokin waɗanda suka yi kukanta, domin sharaɗin wannan hanya shi ne kada komai ya shiga tsakani. Ba ma layin ido kaɗai ake kiyayewa ba, har da sararin da ke kewaye da shi, wanda a tazarar mita 300 ya kai kusan mita 2 ta kowane gefe a tsakiyar hanya. Saboda haka wanda ya kafa eriyarsa ƙasa-ƙasa da rani, lokacin da albasa da tumatir ne kawai a fili, yana iya wayar gari cikin watan Agusta ya ga sabis ya ɗauke ba gaira ba dalili, alhali dawa ce ko rake ko reshen darbejiya suka tashi suka tare. Wutar da waɗannan na'urori ke ci kaɗan ce, rauta da eriya tare ba su cika wuce wat 20 ba, ƙaramin faifan sola da batir ya ishe su, muddin ana share masa ƙurar hunturu. Farantin Starlink kuwa yana cin wat 50 zuwa 100, shi ya sa ya fi dacewa a saya ɗaya a raba shi zuwa sauran gine-gine da a sa wa kowane gini nasa.

Sai dai ba safai fili ke zama na mutum ɗaya ba, domin gado ya rarraba gonaki, kuma tsakanin gida da ɗakin inji akan sami gonar ɗan'uwa, ko hanyar shanu, ko magudanar hukuma wadda ba a haƙa gefenta sai da izini, wadda kuma ranar yasa injin haƙa ba ya tambayar abin da ke binne. A nan mas'alar takan bar hannun mai haɗa waya ta koma hannun malamai da masu unguwa, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan bai rasa abin cewa ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo ƙissar Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, ya nuna masa cewa shi ma zai sha amfaninta ba tare da cutuwa ba, amma Muhammadu ya ƙi, har magana ta kai gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umurni a wuce da ita. Malaman mazhaba sun yi saɓani a kan ko alƙali yana da ikon tilasta irin wannan a kowane zamani, kamar yadda suka ɗauki barin maƙwabci ya kafa azara a bangonka a matsayin abin so, ba wajibin da ake hukunci da shi ba. Saboda haka wanda ke son ya binne waya ta gonar wani, ko ya ɗaura ƙarfen eriya a jikin katangarsa, hanyarsa ita ce sulhu, kuma mafi sauƙin sulhu shi ne irin tayin da Dahhaku ya yi, watau a ba mai gonar rabonsa, a ba shi kalmar sirri, ko a ja masa nasa reshen, a kuma yi magana a gaban shaidu kan wanda zai biya idan fartanya ta sare wayar.

Haƙƙin da ya fi wannan nauyi a idon mutanen gari shi ne na sutura. Eriya tana son tudu, tudu kuma yana kallon tsakar gidan mutane, kuma tun zamanin magina da masu sassabe al'ada ce wanda zai hau soro ko itace ya aika a sanar da maƙwabta tukuna, domin mata su kimtsa. Mai haɗa intanet da ya zo daga birni ya jingina tsani ba tare da wannan ba, ya jawo wa maigidan da ya kira shi abin da zai daɗe yana ba da haƙuri a kansa. Kyamarar tsaro, wadda sau da yawa ita ce dalilin jan intanet zuwa sito ko ɗakin kaji, ta fi tsanin tsanani, gama mai tsani yana sauka, ita kuwa tana nan dare da rana, kuma hukuncin da littattafan fiƙihu irin su Risala suka yi na hana buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci ya hau kanta ba tare da wani dogon ƙiyasi ba. Ma'aikacin da ya san gari yakan karkatar da ita ƙasa zuwa ƙofar sito da ma'ajiyar buhuna, sa'an nan ya kira maƙwabcin ya nuna masa a fuskar waya iyakar abin da take ɗauka, tun kafin ya sauke tsani ya karɓi ladan aikinsa.